ADON KAKA: A BUƊE ADAKA KAFIN A TAFI KASUWA

Damina ta yi ban kwana. Daga Dogon Dutsi har Gure manoma sun duƙufa ga girbi, dammunan hatsi suna hawa rumbu, wake da gyaɗa suna biye. Yara sun koma lakwal tun farkon watan Oktoba. Nan gaba kaɗan za a shiga bukukuwan aure da aka jinkirta saboda aikin gona, makaɗa su fito, ƴan kokowa su ɗaura layu, a riƙa bi gari-gari har a kai ga gasar ƙasa, wadda aka soma a Tawa a shekarar 1975. Ga kuma bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, yana tafe. Lokacin shiga jama'a ya zo ke nan, kuma babu mai so a gan shi cikin kaya marasa fasali.

Son ado ba laifi ba ne, tun kaka da kakanni an san Bahaushe da shi. Abin tambaya shi ne: da wane kuɗi za a yi adon? A cikin kaka hatsi yake faɗuwa, domin kowa yana da shi, kowa kuma yana son sayarwa. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40. Magidancin da ya fitar da buhu biyu a watan Nuwamba don ya yanki shadda, shi ne zai koma kasuwa a tsakiyar damina yana neman hatsin nan da tsada, a muguwar shekara ma har ninki biyu. Waɗanda suka ga shekarar 2005 ba su manta yadda tiya ta gagari talaka a watannin Yuli da Agusta ba. Ma'aikaci ma bai tsira ba, don kuwa albashin Oktoba littattafai da kayan lakwal na yara sun riga sun cinye shi. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna da masu karatu a kan yadda mutum zai fita tsaf a wannan lokaci, da abin da yake da shi a ɗaki, da ɗan abin da zai ƙara daga kasuwar gwanjo, ba tare da ya taɓa rumbu ko ya ci bashi ba.

KAKARMU DA TA TURAI

Mu masu aikin fassara, in mun ci karo da kalmar Faransanci «automne», mukan juya ta da «kaka». Fassarar ta yi daidai ta wajen lokaci, amma yanayin ba ɗaya ba ne. A Turai wannan lokaci yana farawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, ya ƙare wajen 21 ga Disamba. Ganyaye suna zuba, ruwa da iska mai sanyi suna sauka, mutane su ninke kayan zafi su fito da masu nauyi. A cikin wannan sauyi ne mutane da yawa suke fitar da abin da suka gaji da shi, su zuba cikin akwatunan tara tufafi na bakin titi, ko su kai wa ƙungiyoyi irin su Emmaüs, wadda aka kafa a Faransa a 1949, ko Oxfam ta Ingila.

Abin lura shi ne, su kansu Turawan sun fara dawowa daga rakiyar sabon kaya. Tun 2019 ƙungiyar Oxfam take kiran mutane su yi watan Satumba cur ba tare da sun sayi sabuwar tufa ba, sai wadda aka taɓa sawa. A watan Nuwamba na 2023 kuma Faransa ta soma rage wa mutum kuɗin gyara in ya kai rigarsa wurin tela ko takalminsa wurin baduku, ragin yana kamawa daga yuro 6 zuwa 25, watau daga wajen jikka 4 zuwa jikka 16 na kuɗinmu. Ashe abin da iyayenmu suke yi tun da can, wanda wasu ƴan bokonmu suke gani kamar alamar talauci, shi ne yau ƙasashe masu arziki suke kashe kuɗi don koya wa mutanensu.

Sai dai kada mu kwaikwayi hotunan mujallunsu ido rufe. A Yamai, zafin rana a watan Oktoba yakan kai wajen digiri 38. Sai cikin Nuwamba sanyin asuba yake soma shigowa, a Disamba da Janairu ya sauka wajen digiri 15, a Maraɗi da Damagaram ma ƙasa da haka, alhali da azahar rana tana nan da ƙarfinta. Doguwar rigar ulu mai kai gwiwa, wadda aka ɗinka don titunan Paris, nauyi kawai za ta zama wa mutum da ƙarfe goma na safe. Abin da ya dace da mu shi ne kaya marasa nauyi, ɗaya bisa ɗaya, yadda in rana ta ɗaga za a tuɓe na sama a riƙe a hannu ko a rataya a biro.

A FARA DA ADAKA

Kasuwa ta farko tana cikin ɗaki. A zaɓi rana guda, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a juye adaka da akwati gaba ɗaya, a bar kayan su sha iska. Mutane da yawa za su yi mamakin abin da suka manta suna da shi. Daga nan sai a kasa su kashi uku: wanda wanki da guga kaɗai yake bukata, wanda yake bukatar hannun mai sana'a, da wanda ya yi wa mai shi kaɗan ko ya fita daga ransa. Wannan kashi na uku kada a mayar da shi adaka ya zama abincin asu da gara. A ba ƙane ko ɗan maƙwabci, ko a miƙa wa almajirai tun sanyi bai kankama ba.

Kashi na biyu shi ne wurin riba. Babbar riga wadda aikinta yake nan daram, aska biyu ce ko aska takwas, amma launinta ya koɗe, ba ta mutu ba. A kai ta marina, daga nan a wuce da ita wurin mabuga, za ta fito tana ƙyalli, har wanda ya san ta bara ya yi wa mai ita barka da sabuwar riga. Farar shadda da ta yi ja saboda daɗewa tana karɓar shuɗi ko ruwan ƙasa da kyau. Ka'idar rini ita ce daga haske a tafi zuwa duhu, kuma auduga ce take shan baba. Yadin roba ba ya sha, sai a yi asarar kuɗi. In kuwa gindin rigar ne ya cinye, tela mai hankali zai fitar da jamfa daga cikinta, ko kaftani na yaro, ya bar aikin wuya yadda yake. Riga mai kwala irin ta ma'aikata, in kwalar ta goge, ana farke ta a juya ciki waje, rigar ta ƙara shekara.

Ga mata kuma, turmin atamfa yadi 6 ne, yana ba da riga da zane da abin yafawa ko ɗaurawa. Rigar ce take riga mutuwa, saboda gumi da yawan wanki, zane kuwa yana nan da sauransa. Kada a jefar da zane don rigarsa ta ƙare. A sama masa riga mai launi ɗaya, wadda ta ɗauko ɗaya daga cikin launukan zanen, sai ya zama sabon haɗi. Zannuwa biyu da suka rasa abokansu, in launinsu ya yi jituwa, suna iya zama doguwar riga guda. Akwai kuma turamen lefe da suke kwance a ƙasan akwati shekara da shekaru ba a ɗinka ba, ana jiran wata babbar rana, har ninkin ya ci su. Ya ƴar'uwa, babbar ranar ita ce wannan kaka.

Kada kuma a manta da saƙar gida. Gwado, da luru, da sakala, da tera-tera ta yammacin ƙasarmu, ba don shimfiɗa kaɗai aka yi su ba. Dattijon da ya yafa gwado mai tsabta bisa kaftani ya nufi masallaci da asuba, babu rigar sanyin kanti da za ta ba shi wannan kwarjini.

TAFIYAR DILA

Sai bayan an gama da adaka ne mutum zai san abin da ya rasa, kuma shi kaɗai zai nema a wurin ƴan gwanjo, ko ƴan bosho kamar yadda ake cewa a wasu garuruwanmu. Yana da kyau mai saye ya san asalin abin da yake saye. Tufafin da aka tara a Turai, da Amurka, da ƙasar Sin a shekarun baya-bayan nan, ana tantance su iri-iri da daraja-daraja, a matse su da inji cikin dila mai kilo 45 ko 55, a ɗaure da ƙarfe, jirgin ruwa ya sauke su a Kotonu ko Lome. Shekaru da dama kamyo yana ɗauko su daga Kotonu ya ƙetare gadar Gaya, ya sauke a Yamai, da Ƙonni, da Maraɗi, inda kaso mai yawa yake zarcewa Nijeriya, ƙasar da ta daɗe da sanya gwanjo cikin kayan da ta hana shigowa da su. Da aka rufe iyakar Gaya a 2023, sai kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau.

A watan Janairu na 1994 ne aka karya darajar sefa da rabi, kayan kanti da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, tun daga nan gwanjo ya zama na kowa, har da masu ɗaura karabat. Duk da haka akwai waɗanda suke lallaɓawa da magariba don kada a gan su a bakin dila. Wannan kunya ba ta da tushe. Tun kafin jirgin ruwa ya kawo dila ta farko, dillalai suna yawo da riguna a kafaɗa a kasuwanninmu, dillaliya kuma tana shiga gida-gida da zannuwan matan kulle. Mutanen Gana suna yi wa gwanjo kirari da tufafin mataccen Bature, amma galibin masu kayan suna nan da ransu, gajiya kawai suka yi da su.

YADDA AKE ZAƁE

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Maganar gaskiya ce ga wanda ya shiga kasuwa ba shiri, ya kwaso tsummoki goma don kawai an yi masa sauƙi. Wanda ya san abin da ya zo nema kuwa, shi araha takan yi masa ado. Ko a kasuwar Dole ta Damagaram ce ranar Alhamis, ko babbar kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a, ko Tawa ranar Lahadi, ko Katako da Wadata a Yamai, dabarun duka ɗaya ne.

Da farko a tambayi ranar fasa dila, a yi sammako. Zaɓen farko ya fi tsada, amma riga ɗaya ta zaɓen farko ta fi uku na ragowar yamma. A tafi da awo: igiya uku da aka yanka daidai faɗin kafaɗa, da ƙugu, da tsawon wando, na mai gida da na yara, domin a bakin dila babu wurin gwaji. A tuna cewa tela yana iya rage ƙugu da tsawo da hannu, amma kafaɗar kwat in ba ta zauna ba, ba ta da magani. Babba yana komawa ƙarami, ƙarami ba ya komawa babba.

Na biyu, a ɗaga rigar a kalli rana ta cikinta, duk wata ƙofa ko wurin da ya sille zai bayyana. A duba hammata, da bakin hannu, da wuya, da tsakanin ƙafafun wando, a ja zif sama da ƙasa, a ƙirga maɓallai. Maɓalli da farkewar ɗinki ƙaramin aiki ne. Tabon mai ko na tsatsa da ya daɗe kuwa, a bar wa mai kaya abinsa.

Na uku, a karanta ƴar takardar da take maƙale a wuya ko a gefe. In an ga «coton», auduga ce. «Laine», ulu ne. Su ne suke barin jiki ya sha iska, su kuma riƙe ɗumi. «Polyester» da «acrylique» zaren roba ne, suna riƙe gumi da wari. Akwai ma abin da ya fi wannan: zaren roba in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. A lokacin da yara suke kewaye murhu da kaskon wuta suna jin ɗumi, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne, don haka rigar sanyin yaro a fi ba auduga da ulu ƙarfi. Haka kuma rigar da aka yi wa rubutun Ingilishi a ƙirji, a nemi wanda ya iya ya karanta kafin a biya. An sha ganin mutum mai mutunci yana yawo da ashar a gabansa bai sani ba.

Na huɗu, kada a sa kayan gwanjo sai an wanke. Na auduga a jiƙa su cikin ruwan zafi mai kai digiri 60 da sabulu, a shanya a rana, a bi da dutsen guga, domin zafi yana kashe ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazwa. Ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake yi: a wanke shi da ruwan sanyi, a shimfiɗa shi a inuwa ya bushe, sa'an nan a ƙulle shi cikin leda mako biyu kafin a sa. Kamfai da sauran kayan ciki kuwa, ko da mutum zai yi tsimi ta wani wuri, ya daure ya sayi sababbi.

HAƊI SHI NE ADO

Tara kaya daban, iya sa su daban. Nan da ƴan makonni iskar hunturu za ta taso da ƙura, kuma fari fat da baƙi ƙirin su ne suka fi tona asirin ƙura. Ruwan ƙasa, da ruwan toka, da shuɗi mai duhu, da ja irin na dawa, su ne launukan da suke jure wa wannan lokaci. Ka'ida ta biyu ita ce, a cikin shiga guda abu ɗaya ne zai yi magana, sauran su yi shiru. In zane mai yawan fure ne, riga da mayafi su zama masu launi ɗaya. In hula ce mai aiki, kaftani ya zama mai sauƙi.

Ma'aikaci mai tsohon kaftani da ya sha guga, ya sa siririn tiriko a ciki, ko ƴar riga marar hannu ta ulu a sama, ya isa biro da ƙarfe takwas cikin ɗumi, da hantsi ya tuɓe. Malamin lakwal mai wando biyu da riga uku, kwat guda mai ruwan toka wadda kafaɗarta ta zauna ta ishe shi har sanyi ya wuce, muddin yana goge ta da buroshi yana rataye ta. Uwargida mai zanen bara, ta sami tiriko mai maɓallai a gaba wanda ya ɗauko launin zanen, ta kawo mayafi mai ɗan kauri, ta fi wadda ta rufe leshi mai tsada da rigar ƴan ƙwallo. Ɗan kabu-kabu da mai fita gona da asuba, riga mai tare iska suke bukata, da rawani ko ƙyallen rufe hanci. Yaro ɗan lakwal kuma, tiriko, da hular saƙa mai rufe kunne, da safa, sun fi masa wata ƙatuwar riga da zai yar a filin wasa.

Ƙafa da kai su ne cikon ado. Ƙasarmu ƙasar fata ce, dukawan Damagaram da Tawa da Agadas ba su da na biyu. Takalmin da ƙasansa ya cinye a kai a sake masa, a shafa masa mai. Hula a kai wa masu wanki su ɗora ta a kan itacen gyara ta miƙe. A turara kaya da turaren wuta kafin a ninke. Ƴan kuɗi kaɗan ne duk wannan yake ci, kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu.

KADA GWANJO YA ZAMA UWA DA UBA

Wajibi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri, amma shi da atamfa mai araha ta ƙasashen Asiya suna cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙu a Afirka ta Yamma. Manya suna tune da lokacin da atamfar SONITEXTIL ta Yamai, wadda daga baya ta koma ENITEX, take cika bukukuwanmu. Ƙasar Ruwanda ta ƙara wa gwanjo kuɗin duwan mai yawa a 2016 don ta kare masu ɗinkinta, har Amurka ta mayar mata da martani a 2018 ta janye rangwamen da take yi wa tufafin Ruwanda. Wannan ya nuna cewa dilar da muke gani a bakin kasuwa babbar harka ce tsakanin ƙasashe.

Mu a namu matsayi, abin da yake hannunmu shi ne tsarin da muka bayyana. Duk dalar da aka kashe wajen gyaran abin da yake cikin adaka, tana shiga hannun tela, da marini, da mabugi, da baduku, da mai wankin hula, ƴan unguwarmu waɗanda su ma suke da iyali. Aikin hannunsu kuma ba abin rainawa ba ne. Lokacin da Alphadi ya buɗe bikin nuna tufafi na FIMA a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, manyan masu ɗinki na duniya sun tako har can, suka ga abin da Afirka take iya yi da zare da fata da azurfa. Gwanjo ya zama ciko, ya toshe inda aka rasa. Tushen shigarmu ya kasance namu.

Ya ku masu karatu, da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a kwance bakin buhu a kai kasuwa, a kwance bakin adaka. Wanda ya fita bikin bana cikin rigar da aka sake rinawa, rumbunsa kuma yana cike har shuka ta gaba, shi ne ya fi kowa ado a garin. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya sa mu ga sanyin bana lafiya.